Zuwa Ga Magidantan Kaduna, Kan Kallon Bayan Magariba

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, daga Rigasa har Kawo, daga Tudun Wada har Barnawa da Kakuri. Muna gaisuwa daga nan Jamus, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari.

Mu 'yan Kaduna ne masu sana'ar lantarki da haɗa na'urorin kallo, kuma abin da ya sa muka rubuto yana damunmu ƙwarai. A gidaje da yawa, abin da ake kallo daga Magariba zuwa ƙarfe 11 na dare ba maigida ne ya zaɓa ba, ba kuma uwargida ba. Wuta ce ta zaɓa, ko mai ɗaura dish da ya bar ɗaruruwan tashoshi a jere yadda suka zo, ko kuma yaron da ya riga kowa ɗaukar rimot. Alhali waɗannan sa'o'i 4 su ne kaɗai lokacin da iyali ke haɗuwa wuri guda.

A da babu wannan matsala. An fara watsa talabijin a Kaduna a 1962, a 1977 kuma tashar ta shiga ƙarƙashin NTA. Tasha ɗaya ce, kowa ita yake kallo, shi ya sa har yau aka ambaci Usman Baba Pategi ko Ƙasimu Yero sai ka ga fuskar dattawa ta washe. Yanzu kuwa ga NTA, ga DITV, ga Liberty, ga tashar gwamnatin jiha, ga Arewa24 da ta fara a 2014, ga tashoshin Larabawa da na Indiya da na ƙwallo, ga kuma intanet. Sai an tsara.

Mu fara da agogo, don daga nan rikicin falo yake tashi. Labaran ƙasa na NTA ƙarfe 9 ne. Wasannin Zakarun Turai na daren Talata da Laraba kuwa, manyansu suna farawa ƙarfe 9 ne agogon tsakiyar Turai. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogon nan daidai yake da na Najeriya, don haka ƙwallo da labarai suna cin karo. Daga ƙarshen Maris kuma Turawa suna tura agogonsu gaba da awa 1, sai wasan ya koma ƙarfe 8 a Kaduna, daidai lokacin da mata da yara suka zauna wa shiri mai dogon zango. Maigidan da ya san haka zai raba daren tun kafin a fara cacar baki. Da azumi kuma a tuna cewa Makka ta riga mu da awa 2, saboda haka mai son kallon Tarawihin Harami kai tsaye zai same shi ne wajen shan ruwanmu, ba bayan Isha'inmu ba.

Hanya mafi sauƙi ta kama tashoshin gida ita ce eriya. An ƙaddamar da tsarin dijital a Kaduna a Disamban 2017, kuma dikodar FreeTV da ta GOtv da ta StarTimes ta ƙasa duk da eriya suke aiki. Hoton dijital ba ya yin yayyafi irin na da: ko ya fito tas, ko ya kakkarye ya tsaya. Eriyar cikin ɗaki ba ta cika yin aiki a ƙarƙashin rufin kwano ba, don kwanon yana tare sigina. A ɗaga ta sama da rufin, a fuskantar da ita inda na maƙwabta suka fuskanta, sannan a riƙa juya ta kaɗan-kaɗan. Kada a yi saurin sayen busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. In sigina ta iso a gurɓace, busta gurɓatar zai ƙara.

Dish ne ya fi cin kuɗin mutane a banza, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa. Kowane tauraron ɗan'adam na talabijin yana tsaye ne a wuri guda a sama, kuma daga Kaduna ga inda suke. Na DStv yana digiri 36 gabas: ka fuskanci alƙibla, ka karkata dama da kusan digiri 40, tsayinsa daga ƙasa kusan digiri 55. Nilesat, wanda ke ɗauke da tashoshin Harami da na Larabawa, yana digiri 7 yamma, wato kudu maso yamma, a sama sosai, kusan digiri 69. Abin da ke ruɗar masu koyo shi ne dish ɗin da aka saba da shi yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da 'yan kai. Wanda bai san wannan ba sai ya kwantar da shi fiye da kima, ya yini yana laluben abin da ke gabansa.

Idan aka shiga wurin saiti a dikoda za a ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na ƙarfi yana iya haura 80 ko da dish ɗin bango yake kallo, domin abin da yake nunawa kawai shi ne wuta tana isa kan LNB, wato na'urar da ke maƙale a bakin dish. Ingancin shi ne abin dubawa. Kada ku sallami mai ɗauri don kawai hoto ya fito. Ku ce ya ci gaba da gyarawa har ingancin ya kai iyakar abin da zai kai, sannan ya murɗa LNB ɗin a cikin zobensa a hankali, domin mu da muke kusa da tsakiyar duniya murɗin da ake buƙata babba ne. Dish ɗin da aka bari da ɗan ingancin da bai taka kara ya karya ba zai yi aiki lafiya lau a rani, amma hadarin farko zai ɗauke hoton.

Ruwan sama yana cin irin wannan sigina, babu makawa. Maganinsa girman dish ne. A garin da ruwa ke zuba daga Afrilu zuwa Oktoba, ya kuma tsananta a Agusta, mai santimita 90 ya fi mai 60 nesa ba kusa ba. Nilesat kuwa mun fi so a ba shi mita 1 ko fiye, don muna gefen inda siginarsa ke sauka. A kafa ƙafar dish a jikin bangon siminti da kusoshi masu buɗewa a ciki, ba a jikin katakon rufi ba. Guguwar farkon damina tana iya gusar da shi da digiri 2 kacal, kuma wannan ya isa. Bayan an gama saiti a ja layin fenti a mahaɗar ƙarfen, in ya gusa za a gane inda za a mayar da shi ba tare da kiran kowa ba.

Sai waya. A sayi RG6 mai kaurin raga, kada kuma tsawonta ya wuce mita 30 in da hali. Wurin haɗa kanta, a tabbatar ko siliya ɗaya ta ragar ba ta taɓa ƙarfen tsakiya ba, in ta taɓa komai zai ɗauke. A naɗe mahaɗar waje da tef mai hana ruwa, a kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta har bayan dikoda. Ga wata alama da za ta cece ku daga sayen sabuwar dikoda: in rabin tashoshi suna fitowa rabi ba sa fitowa, mafi yawa laifin waya ne ko LNB. Dikoda tana tura bolt 13 don kama wani rukuni, bolt 18 don kama ɗayan. Wayar da ta sha ruwa ko ta yi tsatsa tana rage wutar a hanya, sai 18 ɗin ta kasa isa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu, kuma bai fi aikin rabin awa ba. Dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ware ƙarfe 7 zuwa 10 na dare a matsayin lokacin iyali, amma wannan ya shafi tashoshin Najeriya ne. Tashar da ke fitowa daga wata ƙasa ta tauraro ba ta san da zaman dokar ba, ba ta kuma san yaronka ɗan shekara 7 yana zaune a gaban allo ba. Saboda haka a ranar da aka ɗaura dish, maigida da uwargida su zauna su bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. A goge waɗanda ba a so, a kulle waɗanda ake shakka, a tara waɗanda aka yarda da su, ko da 15 ne ko 20, a jerin zaɓaɓɓu: na labarai, na wa'azi da karatu, na wasan Hausa, na yara, na ƙwallo. Lambar sirrin da dikoda ke zuwa da ita yawanci 0000 ce ko 1234, kuma babu yaron unguwa da bai san wannan ba, don haka a canza ta. A kulle har wurin binciken tashoshi, domin duk wanda ya sake bincike, abin da aka goge zai dawo. Dikodar DStv da ta GOtv suna da matakin shekaru, a sa shi a 13 in akwai ƙanana. Fassarar Hausa da ake ɗora wa finafinan waje ba ta canza abin da ido ke gani, wannan ma a sa shi a lissafi.

Maganar wuta kuma lissafi ne mai sauƙi. Talabijin na zamani mai inci 32 yana cin kusan wat 45, dikoda kusan 15, fanka ta tsaye kusan 60. Jimla wat 120, a awa 4 ya zama 480. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma rabi kawai ya kamata a ja in ana so ya yi ƙarko, inbata kuma tana cinye wani kaso. Abin da ya rage kusan 500 ne, wato daidai kallon dare ɗaya ba tare da an jona komai a kai ba. Da an ƙara dutsen guga ko firji lissafin ya rushe, kuma wannan ne ke kashe batura cikin 'yan watanni. Faifan sola mai wat 200 yana iya mayar da abin da aka ci a yini guda, muddin ana goge shi. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai, a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Mai janareta ya ajiye shi a fili, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane suna barci. Kada a sa shi a soro ko a baranda a rufe saboda tsoron ɓarawo ko ruwa, don Allah. Idan an tayar da shi, ko an dawo da wuta, a dakata kamar minti 1 kafin a kunna talabijin, domin tsallen farko na wuta ne ke ƙona allon da ke rarraba ta a ciki. Ƙaramar na'urar kariya mai jinkiri ta fi kuɗin gyara araha. In hadari ya haɗo ana tsawa, kashewa da rimot bai wadatar ba: a zare filogi, a kuma zare wayar dish ko ta eriya, don ta nan ma tsawa take shigowa.

Idan talabijin yana magana amma allo ya yi baƙi, a haska shi da tocila daga kusa. In ana ganin inuwar hoto, fitilun baya ne suka mutu, allon lafiyarsa ƙalau, kuma mai gyara zai sauya su. Abin da ke tsawaita ransu shi ne rage hasken baya daga ƙoli zuwa 60 ko 70, wanda da dare ya fi ma daɗi a ido, ya kuma rage cin batir. Kada a cusa ko a zare wayar HDMI alhali na'urorin suna kunne, wannan yana iya ƙona ramin.

Masu kallo ta YouTube su san abin da data ke yi. A matakin ingancin hoto na 480, awa ɗaya tana cin kusan rabin giga. A 720 ta kan wuce giga 1, a 1080 kuma ta ninka. In aka bar shi ya zaɓa da kansa, babba zai hau duk lokacin da sabis ya yi kyau. A allon da bai wuce inci 32 ba, 480 ya isa wasan kwaikwayo. Sai dai a nan babu jerin da za a goge sau ɗaya a huta, domin da shiri ya ƙare wani zai hau da kansa. A kashe wannan sauyin na kai-tsaye, a kunna takunkumin da ke cikin saiti, kuma a bar allon a falo inda babba ke gani.

A ƙarshe, ga 'yan'uwanmu na nan waje masu aika talabijin gida, da ku masu roƙon a aiko muku. Na Turai yana aiki da irin wutarmu, bolt 230, ya kuma dace da tsarin dijital ɗinmu. Na Amurka kuwa da yawansa na bolt 120 ne, a jona shi kai tsaye ya ƙone, sannan na'urar kama tasha da ke cikinsa ba ta jin siginar Najeriya, sai dai a haɗa shi da dikoda. A duba rubutun da ke bayansa kafin a biya kuɗin jirgi: in an rubuta 100 zuwa 240, ba matsala. A haɗo da rimot ɗinsa da ƙafafunsa, a kuma ɗauko shi a tsaye cikin kwalinsa, domin allon da aka kwantar aka ɗora masa kaya kafin ya iso Kaduna ya tsage, kuma sauya allo kusan kuɗin sabo ne.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalamu alaikum.

Naku,
'Yan'uwanku masu sana'ar lantarki a Jamus