Ba kullum bona ce ke da laifi ba: abin da na koya a shagon buga faifai

Duk wanda ya yi aikin buga faifai a zamanin Windows XP ya san wannan ciwon kan. Kwamfuta na tafiya lafiya lau, DVD ɗin bidiyon biki tana gama shi cikin minti shida ko bakwai, kawai sai a wayi gari aiki ɗaya ya koma cin rabin awa, linzami na maƙalewa, in ka kunna karatu ko waƙa sautin ya dinga sarƙewa. Yawancin mutane nan take za su ce ai bona, wato na'urar da ke rubuta faifan, ta gaji, a je kasuwa a sayo wata. A shagon da na yi aiki a Kano maigidana ba ya bari a taɓa aljihu sai an duba hanyar da bayanai ke bi daga had dis zuwa bona tukunna, kuma wallahi galibi a nan matsalar take.

Hanyoyin biyu ne, DMA da PIO. A DMA bayanai na wucewa kai tsaye tsakanin had dis ko bona da memori, furosesa ba ruwanta sai an gama a sanar da ita. A PIO kuwa furosesa ce da kanta za ta dinga ɗauko kowane ɗan gutsuren bayani tana kaiwa, kamar a ce mai shago ya sallami 'yan dako ya koma shi ke sauke kaya daga mota, ga kwastomomi na tsaye suna jiransa. Shi ya sa in ka buɗe Task Manager lokacin bonin za ka ga furosesa ta cika maƙil amma ka rasa manhajar da ke cin ta.

Lissafin ma ba wuya. Gudun CD na 1x kilobayit 150 ne a daƙiƙa, wato ko 52x bai kai megabayit 8 ba. DVD fa 1x ɗinsa kusan megabayit 1.4 ne, 16x ya kai wajen 22. Shi kuma PIO 4, wanda shi ne ƙarshen gudun PIO, megabayit 16.6 ne a takarda, a aikace ko kusa ba ya zuwa. To ka ga mai buga CD zai iya daɗewa bai gane komai ba, ranar da ya koma DVD ne asiri zai tonu. A ɓangaren DMA kuwa, matakin Ultra DMA 2 na ba da megabayit 33 a daƙiƙa, na 4 ya ba da 66, na 5 ya ba da 100.

Wani abin da ke ƙara rufe matsalar shi ne bonar zamani ba ta ɓata faifai in bayanai sun yanke. A da in bafa, wato ɗan ma'ajin da bayanai ke taruwa kafin a rubuta su a faifai, ta ƙare ana tsakiyar rubutu faifan ya tashi aiki kenan sai shara. Daga shekarar 2000 da Sanyo suka fito da BURN-Proof, sauran kamfanoni ma kowa ya yi irin nasa, bona sai ta dakata ta jira sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Faifai zai fito lafiya, lokacinka ne kawai ke ƙonewa. In kana amfani da manhajar buga faifai ta Nero ka zuba wa layin bafa ido, in yana faɗuwa ƙasa yana tashi yana sake faɗuwa to bonar ba ta ƙoshi, abinci ne ba ya isowa.

Abin da ya fi ba ni haushi da na gane shi, Windows ɗin ce da kanta ke rage gudun kuma ba za ta ce maka uffan ba. In ta tara kuskure shida na karatu ko na jinkirin amsa sai ta sauko da mataki ɗaya, in abin ya ci gaba ta yi ta saukowa har PIO, ta zauna a can. Mu kuma sana'armu kenan, kwastoma zai kawo faifan bikin yayarsa duk ya kakkarce wai a kwafa masa, bona ta yi ta fama tana maimaita wuri ɗaya, kowane tuntuɓe Windows na ƙirgawa.

A Windows XP wurin dubawa Device Manager ne, ƙarƙashin IDE ATA/ATAPI controllers, ka buɗe Primary da Secondary IDE Channel, wato tashoshi biyun da had dis da bona ke haɗe da su, ka shiga Advanced Settings. Nan fa a kula, layin sama zai iya nuna DMA if available ka ce ai komai daidai ne, alhali na ƙasansa, Current Transfer Mode, shi ke faɗin gaskiyar abin da ake ciki. In ya ce PIO Mode, sauya zaɓin sama sau da yawa ba ya yin komai, mu dai cire tashar muke yi gaba ɗaya da Uninstall mu sake kunna kwamfutar, Windows ta gano ta sabuwa ƙirgen ya koma sifili. Masu ƙarfin hali na shiga rijistiri, inda Windows ke ajiye saitunanta, su sa saitin ResetErrorCountersOnSuccess, ni ban cika ba sabon yaro shawarar ya taɓa can ba.

Sai kebul. Faffaɗan kebul ɗin nan na IDE kala biyu ne, mai waya 40 da mai waya 80, bakinsu iri ɗaya ne shi ya sa ake ruɗewa, amma mai 80 wayoyinsa sun fi sirara. In ka sa wa had dis mai 40 ba zai wuce megabayit 33 a daƙiƙa ba ko nawa ka saye shi. Shuɗin kai shi ke shiga mazabod, wato babban allon kwamfuta, baƙi na masta, wato na'ura ta farko a kebul ɗin, ruwan toka na silef, wato ta biyu. Kuma in da hali kar a haɗa had dis da bona a kebul ɗaya, tunda tasha ɗaya na'ura ɗaya take saurare a lokaci guda.

In bona ce ta faɗa PIO ba na damuwa, faifan kwastoma ne. Amma in had dis ne ya faɗa, aka gyara ya koma, aka canja kebul ya sake komawa, to a daren nan maigida ke sa mu kwashe bidiyon mutane zuwa wani had dis ɗin, don wannan ya kusa mutuwa, kuma bikin da aka riga aka yi ba wanda zai sake maka shi.