Yau na san raɗa ba hutu ba ce

Asabar da dare, Zangon Damagaram.

Kwana tara ke nan muryata a dishe, tun bikin da muka yi a Birni, inda na kwana uku ina amshi cikin ƙurar hunturu. Da safe na sha zumata da citta kamar kullum, na hau kabu-kabu zuwa wurin Malama, wadda ke koya mana waƙa. Asalin aikinta gyaran magana ne, irin su in'ina da muryar da ta lalace, waƙar daga baya ta biyo.

Da raɗa na gaishe ta, don na ɗauka lallaɓa muryar nake yi. Ta ce, "Ƙanwata, daina. Ko ki yi magana a hankali da muryarki ta gaskiya, ko ki yi shiru. Raɗa matse maƙogwaro take yi." Wallahi sai da gabana ya faɗi, kwana tara ina raɗa!

Ta zana mini a takarda: igiyoyin murya biyu ne, ƴan ƙanana, suna haɗuwa suna rabuwa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya in mace na magana. In ana tilasta musu kullum sai su yi kanta, kamar tafin hannun mai daka. Na dubi hannuna, na tuna na Inna. Wannan misalin bai bar kaina ba har yanzu.

Abin da ya fi ba ni mamaki zuma ce. Ta ce tana sanyaya wuya, amma ba ta taɓa igiyoyin, don hanyar abinci daban, ta numfashi daban. Ruwan da na sha ne ke isa gare su ta cikin jiki, sai kuma tururin sirace da ake shaƙa. Ta hana ni yawan gyaran murya da kakari, ta ce in kurɓi ruwa in haɗiye. Kilishi mai yaji dab da kwanciya ma ta ce in bari, saboda ƙwannafi na tasowa har maƙogwaro.

Ba mu rera ko baiti ɗaya ba. Ta sa na dafa cikina ina jan numfashi har hannun ya ɗaga, kafaɗu ba su motsa ba. Sannan ta ba ni bututun shan lemo da kofin ruwa, ina hurawa da ƴar ƙaramar murya, ruwan na ɓulɓula. Minti biyar, na ji wuyana ya saki.

Ta ce in dishewar ta kai mako uku, lallai in ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da idonsa.

Akwai kamu ranar Alhamis a Sabon Gari. Bayan isha'i na aika wa uwar amarya saƙo a rubuce cewa ba zan samu zuwa ba. Kuɗin na da amfani a gidan nan, Allah ya sani. Na cika buta da ruwa na ajiye kusa da katifa.