Abin da na koya daga Judith Pool a aikin labo

Mu da muke aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, nan Maradi, yawancin sunayen masu bincike a takarda kawai muke gamuwa da su, ka haddace don jarabawa, ka fito ka manta. Amma sunan wata mata guda ya ƙi fita raina tun muna lakwal, wato Judith Pool, ba'amurkiya ce da ta yi aiki a jami'ar Stanford, ta rasu a 1975, kuma ita ma ba ta zaga gadajen marasa lafiya, cikin labo take wuni kamar mu.

Ciwon da ta yi aiki a kai shi ne hemofiliya, wanda jinin mutum ke ƙin daskarewa in ya ji rauni. A jini akwai wasu sinadarai masu sa shi daskarewa da ake kira fakta, kowane da lambarsa, in fakta 8 ya yi ƙaranci ita ce hemofiliya A, in fakta 9 ne kuma B. Gado ne ta wajen uwa, ita tana ɗauke da shi sau da yawa ba ta ma sani ba, ƴaƴanta maza ke kamuwa, kusan namiji 1 cikin 5,000 ga nau'in A. Shi ya sa a wajenmu ranar kaciya abin yake fara bayyana, wanzami ya gama aikinsa, jini ya ƙi tsayawa, a yi ta ɗaure wa yaro tsumma ana cewa baki ne ko sammu. Yanzu in aka kawo irin yaron nan tambayata ta farko ga uwa take, hajiya, cikin ƙannenki maza ko kawunnanki akwai wanda aka taɓa fama da shi haka? Akwai mai kumburin gwiwa ba tare da ya faɗi ba? Wallahi amsarta wani lokaci ta kan riga sakamakon gwaji.

To mi Pool ta yi? Kafin ita ruwan jini, wato ruwan da ke saura in an cire ƙwayoyin jinin, ake ta ɗura wa mara lafiya leda bayan leda, fakta 8 ɗin da ke ciki kaɗan ne, kafin ya samu abin da zai ishe shi ruwa ya yi wa zuciya yawa. Ita sai ta lura in aka daskarar da ruwan jinin ya zama ƙanƙara, sannan aka bar shi ya narke a hankali cikin sanyi, tsakanin digiri 1 da 6, akwai wani farin gurɓi da ke kwantawa a ƙasa, wanda kowa ke ganin datti ne. Da ta auna sai ta tarar fakta 8 ɗin a nan ya taru. A 1965 ta wallafa yadda za a raba shi cikin ledar jinin kanta ba tare da an buɗe ta ba. Wannan gurɓin shi ake kira kiriyo, ɗan abu ne da bai wuce cokali ɗaya zuwa biyu ba.

Abin da ya fi burge ni ba ta ce sai an gina kamfani ba. Firigo mai ƙarfi, injin juya jini mai sanyi, da mutanen da za su ba da jini, shi ke nan. An samu ci gaba bayanta sosai, a 1984 aka gano ƙwayar halittar fakta 8 har aka koma haɗa shi a masana'anta, yanzu ma akwai allurar da ake yi ƙarƙashin fata, amma ɗan manomi daga ƙauyen Dakoro ko Tasawa ina zai ga kuɗinsu? Shi ya sa in na ji ana kuranta mai bincike da yawan takardun da ya rubuta, ni dai tambayata ko abin nasa zai yiwu da kayan da ke gabanmu.

Kiriyo ma yana da nasa sharuɗɗan fa. Dole a ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi, ga zafin Afrilu, ga ɗauke wuta, in ba janareto to a bar maganar. Dole kuma a gwada mai ba da jinin ko yana ɗauke da wata cuta, don a shekarun 1980 masu hemofiliya da yawa a Amurka da Faransa sun kamu da sida ta hanyar fakta da aka haɗa daga jinin dubban mutane. Sannan babu fakta 9 a cikinsa, mai nau'in B ba zai yi masa aiki ba, don haka sai an fara tantance wanne yaron ke da shi kafin a ɗaura masa leda.