Zanen Damagaram: Daga Bango Zuwa Ƙyalle

Daga Kano muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, sai Matamaye. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita 240 ne ko kusa da haka, tsaye-tsayen shingaye ne ke cinye yini. Da la'asar sakaliya muka fara hango manyan duwatsun nan da suka hau kan juna, alamar an iso Zinder.

Abin da ya kai ni shi ne baje kolin zane-zane da wasu samarin garin suka shirya a wani zauren al'adu. Washegari ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar wurin. Ɗaki ne mai faɗi, an shafe shi da farar ƙasa, an rataye ayyukan a jere, kowanne da 'yar takardar suna da farashi cikin Faransanci. Masu kallo ba su cika hannu ba: ɗaliban jami'a kaɗan, wani malamin makaranta, da ni.

Wasu zanen ban tsaya a kansu ba. Raƙumi da faɗuwar rana, mace da tulu, irin abin da ake yi don baƙo ya saya. Amma can lungu akwai aikin wani saurayi da ya tsayar da ni. Bai yi amfani da fenti kaɗai ba. Ya kwaɓa jar ƙasa da ƙaro, ya liƙa a ƙyalle, ya fitar da dagi da layuka masu tudu, sannan ya ɗinka guntayen jar fata da gwangwanin tumatir da ya buge ya miƙe. Na tambaye shi inda ya koyo. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka shiga Birni tukuna?"

Da yamma shi ya yi mini jagora. Birni ita ce tsohuwar unguwar sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take, kuma Sarki Tanimu ne ya kewaye ta da ganuwa a ƙarni na 19. Zango kuwa a dā nan ne masaukin fatake da Buzaye masu ayarin raƙuma zuwa Agadas. Kuɗin fataucin nan ne ya hau fuskar gidaje. Attajiri ya gina soro da tubali da azara, ya ɗora zankwaye, sai ya kira magini ya yi masa ado a ƙofar zaure: dagi, takobi, zobba masu shiga juna, wani a tono, wani a tudu, wani da shuɗi da rawaya. Ba tikiti, ba mai gadi, duk mai wucewa ɗan kallo ne. Garin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926, kafin Faransawa su mayar da ita Yamai, ya daɗe da sanin yadda ake nuna gwaninta a bainar jama'a.

Sai dai bangayen suna tafiya. Damina ta zaizaye wasu, magada sun rushe wasu sun sa bulo da kwano, kuma ban ga laifinsu sosai ba, yaɓe duk shekara ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wani dattijo da muka tarar a dakali, da saurayin ya gaishe shi da "Baba, barka da hutawa," ya nuna mana rabin dagi a bangonsa, sauran rabin siminti ya haɗiye.

A nan na gane abin da yaron yake yi: yana kwashe adon ne yana kai shi inda ruwa ba zai taɓa ba. Ko hakan ya wadatar, ina shakka, domin wanda ya saba ganin dagi kyauta a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Dole ba zai cire jikkoki ya rataye shi a ɗaki ba. Masu sayen dā Turawa ne da ma'aikatan ƙungiyoyi, su kuwa ƙafarsu ta ɗauke. Abincin saurayin yanzu daga rubuta allon shaguna da zanen bayan motoci yake fitowa. Burinsa ya kai aikinsa babban baje kolin Dakar da ake yi duk shekara biyu.

Na sayi ƙaramin guda bayan ciniki mai tsawo. Da zai naɗe mini shi cikin takardar siminti, ya gargaɗe ni kada in bari yaran mota su ɗora masa buhu, ƙasar za ta tsage.