Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da batir ya yi ciki

Makon jiya mun tsaya inda maigidana ya yarda in fara taɓa waya, bayan wata takwas ina shara da sayo shayi a rumfarsa ta gyaran waya a babbar kasuwar Marwa.

To, a bazarar 2017, lokacin da zafi kan haura digiri 40, wani mai babur ya kawo wayarsa, gilashin ya ɗago har farce na shiga. Wuni take cikin rana, ta kwana wurin masu caji da janareta. Batir ya kumbura. Mu a rumfa cewa muke ya yi ciki.

Maigida ya tafi la'asar. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni. Na buɗe, na tarar batirin manne da gam, na sa sukundireba na hau ɓamɓara. Sai ji na yi an damƙe min hannu, ashe maigida ne ya dawo.

"Kai yaro, ajiye ƙarfen nan! Ba ka jin warin?"

Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar man goge farce. Ya ɗora wayar kan faranti, ya fita da ita, ya jefa cikin bokitin yashi. Kafin in ce tak, farin hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta suka watse.

Bai zage ni ba, abin da ya fi duka ciwo. Washegari ya zaunar da ni gaban wata kwamfuta mai irin wannan ciwo. Ya ce kumburin iska ce da sinadarin ciki ke saki in zafi ya lalata shi, kuma wata 'yar leda ce siririya ta raba ɓangarorin batirin biyu. Ka huda ta, su haɗu, wuta ke nan. Ya tuna min wayar Galaxy Note 7 da aka janye daga kasuwa a 2016 saboda batirinta na kama wuta.

Ba ya cire batir sai cajin ya sauka ƙasa da kwata. Injin hura zafi kuwa ko kusa. Sifirit yake ɗigawa a gefe, ya jira gam ya saki, ya tura katin roba a hankali, ba ya lanƙwasa batirin ko kaɗan. Haƙurin nan, gaskiya, har yau ban kamo shi ba.

Wayar mai babur dai ta ƙone, kuma da yamma ya dawo da yayansa. Yadda muka ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.