Sifilin da nake rubutawa a littafin ƙidayar ungulu

Aikina ƙidayar tsuntsaye ne, musamman ungulu. Faɗar yadda ake yi ba wuya: a shata layi ɗaya a daji, a bi shi da safe da madubin hangen nesa, a rubuta abin da aka gani da lokacin da aka gan shi. Baɗi a dawo layin nan, a watan nan, a sa'ar nan. Wanda ya sauya hanya don ya ji an ce can sun fi yawa, ya ɓata lissafin.

Abin da aikin ya fi koya min shi ne darajar sifili. Nakan tsaya a gindin dogon itacen da tsohon rahoto ya ce akwai sheƙa, in tarar kiraren sun zube ƙasa, ko ɗigon farin kashi babu a ganye. Dole in rubuta sifili, da minti nawa na yi ina dubawa, domin shi ne shaidar da wani zai dogara da ita nan gaba. Sai dai "ban gani ba" daban, "babu" daban. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda ta fara kundin halittun da ke cikin haɗari a 1964, ba ta cewa wata halitta ta ƙare sai an tsefe duk inda aka santa, a lokacin da ya dace. Kifin silakant an ɗauka ya shuɗe tun miliyoyin shekaru, kwatsam sai ga shi a komar masunta a Afirka ta Kudu a 1938.

Labarin Indiya ne ke hana ni sakaci. Daga shekarun 1990 ungulayen can suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kuma sai a 2004 aka tabbatar da dalili: diclofenac, maganin ciwo da ake yi wa shanu, shi ke lalata wa ungulayen ƙoda idan sun ci mushen shanun. An haramta ba dabbobi shi a 2006, amma tsuntsun da ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara ba ya farfaɗowa da wuri. Yawansu a da ya sa mutane kaɗan ne suka damu su ƙirga su, wannan kuwa yana yi min ciwo ƙwarai.

Don haka yanzu har kurciya da hankaka nake sakawa a littafi, ko da abokan aiki na ganin ɓata tawada ne. Ungulun nan mai bin mahauta ma ta shiga sahun masu dab da ƙarewa a kundin IUCN a 2015.