Ɗayan da ya ɓuya mini kwana huɗu

'Yan'uwa masu koyo, yau dai na gano bakin zaren abin da ya hana ni sakat tun ranar Litinin, kuma sai na faɗa muku tun da zafinsa.

A lissafi, fitar da lambar tarayya waje, wato lambar da ke ninka kowane ɓangare, ba ta ba ni wuya idan tana fili. A ba ni 7 × 13 + 7 × 87, in zare 7, in tara 13 da 87, 700 ke nan, ko biro ban ɗauka ba. Har na fara jin na iya. Sai na ci karo da 37 × 99 + 37.

Na zare 37 kamar kullum. Ɓangaren farko ya bar mini 99. Na biyu kuwa, tunda na ɗauke 37 ɗin, a ganina babu abin da ya saura, sai na rubuta 37 × (99 + 0), na samu 3663. Da na bi doguwar hanya don in tabbatar, sai ga 3700. Na sake, haka. Na canza lambobi, kullum amsata tana gazawa da daidai lambar da na zare. Shafi shida na cika da wannan, raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara zargin ko dokar rarrabawa, wadda ta ba da damar fitar da lambar tarayya waje, tana da inda ba ta aiki.

Daren jiya na ajiye biro na karanta 37 × 99 + 37 da baki: talatin da bakwai sau casa'in da tara, da ƙarin talatin da bakwai guda. Guda! Ashe 37 × 1 ce zaune a wurin, ba a dai rubuta ɗayan ba. Kalmar "zarewa" ce ta yaudare ni. Ina jin ɗebewa nake yi, alhali rabawa ce, kuma 37 a raba da 37 ɗaya ne, ba sifili ba. 37 × (99 + 1), 3700 cif.

Ban iya barci ba sai da na gwada 58 × 101 − 58. 5800, bugu ɗaya. Na ƙara da 16 × 35 + 8 × 30, inda takwas ta ɓuya a cikin 16: na mayar da shi 8 × 70 + 8 × 30, ya ba ni 800. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da duk wanda na yi a watan nan.

Yanzu kafin in zare komai, sai na rubuta × 1 da hannuna a gefen duk lambar da ke tsaye ita kaɗai, sannan bayan na zare in sake buɗe baka, wato in ninka lambar waje da kowace lamba ta cikin ( ), in ga ko na koma inda na faro.